Maigidana ya hana mu shan ruwan famfo saboda bidiyoyin da yake kallo

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya hana gidana zaman lafiya. Watanni ke nan maigidana yana kallon bidiyoyi a waya da ke cewa ana zuba guba da maganin hana haihuwa a ruwan famfo, kuma sinadaran da ake sa wa ruwan suna dakushe ƙwaƙwalwar yara. Akwai wanda ya nuna mini, inda wani mutum ya tsoma ƙarafa biyu a kofin ruwan famfo, nan take ruwan ya koma baƙi ƙirin. Tun daga ranar ya hana mu sha, ya ce mu koma ruwan wata rijiya da ke bayan gidanmu, domin shi ne ruwan da hannun mutum bai taɓa ba, har ya hana a tafasa shi, wai tafasawa tana kashe amfaninsa. 'Ya'yanmu uku ne, ƙaramin bai cika shekara ba, kuma sau biyu ke nan yana gudawa. Idan na yi magana sai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Yanzu a ɓoye nake cika mazubi da ruwan famfo in ce masa na rijiya ne, amma hankalina bai kwanta ba, domin ni ma wani lokaci nakan ce ko dai shi ne da gaskiya. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma daidaita tsakaninki da maigidanki. Zan fara da abin da ba zai jira a gama muhawara ba, wato jaririn. Yaron da bai cika shekara ba, idan gudawa ta kama shi, ruwan jikinsa yana iya ƙarewa cikin ƙanƙanin lokaci, saboda haka ki sa masa ido sosai. Idan idanunsa suka zurma, ko maɗigarsa ta lotsa, ko yana kuka babu hawaye, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya kasa kama nono, ko kika ga jini a bayan gidansa, ki kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kafin ku isa ki ci gaba da ba shi nono, ki kuma ba shi ruwan gishiri da sukari irin wanda ma'aikatan lafiya ke bayarwa, a haɗa shi da tafasasshen ruwa. Daga yau kuma, duk ruwan da zai shiga bakin yaran nan, na famfo ne ko na rijiya, a ɗora shi a wuta har ya tafasa sosai yana ɓulɓula na tsawon minti ɗaya, a bar shi ya huce a mazubi mai tsabta mai murfi, kuma kada a riƙa tsoma kofi ko hannu a ciki.

Maganar cewa tafasawa tana kashe amfanin ruwa ba ta da tushe. Abin da tafasawa ke kashewa shi ne ƙwayoyin cuta. Ma'adinan da ke cikin ruwan suna nan a cikinsa, in ban da ɗan abin da ke maƙalewa a gindin tukunya ya zama farin ɓawo. Idan ɗanɗanon ne ya yi masa salam, iskar da ke cikin ruwan ce ta fita, kuma idan aka juye shi daga wani mazubi mai tsabta zuwa wani sau biyu ko uku, ɗanɗanon zai dawo.

Ban ɗauki maigidanki a matsayin mugu ba, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke shi haka. Mutumin da ya yi imani cewa ana shayar da 'ya'yansa guba, sannan ya tashi ya nema musu wani ruwan, ƙauna ce ta tayar da shi, sai dai an karkatar da ita. Haka kuma karin maganar da yake kawo miki ba ta rasa gaskiya ba, domin akwai garuruwan da ruwan famfo ya cutar da mutane, hukumomi kuma suka yi ta musantawa, kuma zan ba ki labarinsu. Sai dai kowane zargi sai an ɗauke shi shi kaɗai an auna, tunda masu bidiyoyin nan sukan cakuɗa abin da ya faru da wanda ba zai taɓa yiwuwa ba, su miƙa wa mutum a dunƙule.

Mu fara da bidiyon ƙarafan, tunda shi ne ya fi kama zuciyarsa. Abin da mutumin ya tsoma a kofin sanduna ne na baƙin ƙarfe, galibi tare da na alminiyom, an jona su da wutar lantarki. Kowane ruwan sha na halitta yana ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su kalsiyom da magnesiyom, kuma su ne ke ba wutar damar ratsa ruwan. Da zarar wutar ta ratsa, sai sandar ƙarfen ta fara zagwanyewa tana yin tsatsa da sauri, ruwan ya yi rawaya, ya koma ja, sannan ya yi kore ko baƙi, har wani dusa-dusa ya taru a samansa. Duk wannan ƙazantar daga jikin ƙarfen ta fito, babu ita a kofin kafin a tsoma shi. Kofi na biyun da ake ajiyewa a gefe, wanda yake zama garau, ruwa ne da aka cire wa ma'adinai kusan gaba ɗaya, shi ya sa wutar ba ta ratsa shi. Da za a barbaɗa masa ɗan gishiri shi ma zai ɓaci, kuma da za a tsoma ƙarafan a ruwan rijiyarku ina kyautata zaton zai fi na famfon yin baƙi, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fi yawan ma'adinai. Kada ku gwada wannan a gida, na'urar tana iya jan mutum ta kashe shi. Dabarar ta daɗe a hannun masu tallan na'urar tace ruwa, kuma idan kika bi bidiyon zuwa ƙarshe, ko kika leƙa shafin wanda ya fara ɗora shi, sau da yawa za ki tarar akwai abin da yake sayarwa.

Akwai kuma wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba, sai a ce idan lambar ta yi sama ruwan guba ne. Ita ma yawan narkakkun ma'adinai kawai take kintatawa. Ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, don haka ruwan da ke ɗauke da kwalara yana iya ba ta ƙaramar lamba, lafiyayyen ruwa kuma ya ba ta babba.

Zargin maganin hana haihuwa shi ne wanda ya fi tayar da hankalin ma'aurata, kuma shi ne ya fi sauƙin rushewa idan aka zauna aka yi lissafi. Ƙwayar tazarar haihuwa tana aiki ne idan mace ta sha adadi sananne a kowace rana, har idan ta tsallake kwana biyu tana iya ɗaukar ciki. Matatar ruwan babban birni kuwa tana fitar da miliyoyin lita a yini, wata ma ɗaruruwan miliyoyi, kuma mafi yawansu a wanka da wanki da ban ɗaki da masana'antu suke ƙarewa, abin da ake sha kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke son maganin ya isa cikin kowace mace daidai adadin da zai yi aiki, sai ya riƙa sauke lodin motoci na magani ba fasawa, shekara da shekaru, a gaban injiniyoyi da direbobi da masu gadi da masu gwajin ruwan, waɗanda su da matansu da 'ya'yansu wannan ruwan suke sha, kuma a ce babu ɗayansu da ya taɓa fitowa da hujja. Gaskiya ne masu bincike sun gano ɓurɓushin magunguna a koguna, waɗanda ke fita daga jikin mutane su bi ruwan ƙazanta, amma adadin da ake samu a ruwan sha ƙanƙani ne da ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan na giram, kuma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 ya ce da wuya ƙwarai wannan adadi ya cutar da lafiyar mutum. Daga wannan 'yar gaskiyar ce aka gina babbar ƙaryar.

Sai kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo domin kashe ƙwayoyin cuta, wanda warinsa ne ke sa mutane su ce an sa wa ruwa magani. Masu bidiyon sukan tuna wa mutane cewa an yi amfani da iskar kulorin a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1915, kuma haka aka yi. Abin da ba sa faɗa shi ne adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulorin a ruwan sha a miligiram 5 cikin kowace lita, kuma abin da ake so ya rage a ruwan lokacin da ya iso famfon gida bai wuce kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 ba. Ana barin wannan ragowar da gangan, domin ta ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta a tsawon tafiyar da ruwan ke yi cikin bututu. Ni kam idan na ji ɗan warinsa a ruwa hankalina ya fi kwanciya. Wanda warin ya dame shi yana iya tarar ruwan a mazubi mai tsabta ya ajiye na wasu sa'o'i, zai ragu, amma ya shanye shi a ranar domin kariyarsa ta ragu tare da warin. An kuma gano tun a 1974 cewa kulorin yana haɗuwa da ruɓaɓɓun ganyaye da makamantansu da ke cikin ruwan kogi ya haifar da wasu sinadarai da ba a so su yi yawa, kuma daga baya aka sa musu iyaka ana aunawa. Duk da haka matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake, cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan sinadarai, domin haɗarin cutar ya fi girma nesa ba kusa ba.

Ina so ki san yadda birane suke kafin a fara wannan aiki, domin shi ne amsar maganar ruwan da hannun mutum bai taɓa ba. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan ta kashe mutane fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya gano cewa kusan dukansu daga rijiya guda suke sha, ta titin Broad, kuma daga baya aka tarar akwai ramin ƙazanta dab da ita yana tsiyaya a ciki. Mutane suna yabon ruwan wannan rijiya saboda daɗinsa, har akwai wata dattijuwa da ke zaune nesa da unguwar wadda ake kai mata shi kullum domin ta fi son ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta kashe ta. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa kulorin a ruwan jama'a a kai a kai, sauran birane suka bi, kuma a shekarun da suka biyo baya mace-macen taifot suka yi ƙasa sosai. Har yau, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, mutane aƙalla biliyan 1.7 suna shan ruwan da bayan gida ya gurɓata. Ido ba ya ganin wannan gurɓata, harshe ma ba ya jin ta.

Batun dakushe ƙwaƙwalwar yara a kan wani sinadari mai suna fulorayid ake yin sa, kuma a nan akwai muhawara ta gaske tsakanin masana, don haka zan faɗa miki yadda take. Birnin Grand Rapids na Amurka ne ya fara ƙara shi a ruwa a 1945 domin rage ruɓewar haƙora, kuma adadin da hukumar lafiyar ƙasar ta ba da shawara a 2015 shi ne miligiram 0.7 a lita. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ce. Idan ya wuce haka yana ɓata launin haƙora, idan ya yi yawa sosai tsawon shekaru yana taɓa ƙashi. A 2024 wani shirin binciken guba na gwamnatin Amurka ya ce akwai matsakaicin tabbaci cewa fulorayid da ya haura miligiram 1.5 yana da alaƙa da raguwar makin gwajin basira a yara, amma hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci a kan adadin 0.7 ba. A 2025 jihar Utah ta Amurka ta daina ƙara shi, kuma ƙasashe da dama na Turai ba sa ƙara shi a ruwa. Duk wannan a bainar jama'a ake tattauna shi, a mujallun bincike da majalisu da kotuna. Abu biyu ne suka shafe ku a ciki. Na farko, hukumomin ruwa da yawa a duniya ba sa ƙara fulorayid sam, don haka ku tambayi taku. Na biyu, wuraren da ya fi yawa har yake lanƙwasa ƙasusuwan mutane, kamar wasu sassan Indiya da Sin da gabashin Afirka, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake shiga rijiyoyi. Haka a Bangaladash, inda aka gano a shekarun 1990 cewa rijiyoyin burtsatse na miliyoyin mutane suna ɗauke da gubar asenik daga ƙasa, ba ta da launi ba ta da ɗanɗano.

Yanzu ga inda maigidanki yake da gaskiya. A watan Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Mishigan a Amurka ya sauya inda yake ɗauko ruwa domin rage kashe kuɗi, ya koma kogin garin, kuma ba a sa sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya riƙa zagwanye tsofaffin bututun dalma yana kai gubar cikin gidaje. Mazauna suka yi ta kai ƙorafi a kan launi da wari, jami'ai suna ce musu ruwan lafiya ƙalau. Abin da ya karya wannan musu shi ne mazauna garin sun tara ruwa a kwalabe daga ɗaruruwan gidaje suka aika wa ayarin Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech, sannan wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito a watan Satumban 2015 da sakamakon gwajin jinin yara da ya nuna dalma ta ƙaru a jikinsu. A watan Oktoba aka mayar da garin kan ruwansa na da. A garin Walkerton na Kanada kuma, a watan Mayun 2000, kashin shanu ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwa, mutum 7 suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta, kuma binciken da aka yi ya nuna masu kula da ruwan sun daɗe ba sa sa isasshen kulorin, suna rubuta alƙaluman ƙarya a littafi.

Ki lura da yadda waɗannan labarai suka bambanta da bidiyoyin wayarsa. An san sunan garin da watan da abin ya faru, an san sinadarin ko ƙwayar cutar, an auna adadinta, kuma wani ɗakin gwaji daban zai iya maimaita awon ya samu abu guda. Sakaci ne da rowar kuɗi da tsofaffin kayan aiki da tsoron faɗin gaskiya suka jawo su, kuma a Walkerton ƙarancin kulorin ne ya yi kisa. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp ko TikTok kuwa da wuya ya ambaci garin da aka ɗebo ruwan, ko ranar, ko sunan gubar, ko wanda ya gwada, shi ya sa guda ɗaya yake iya zagaya ƙasashe ana sauya masa murya, kowa yana zaton garinsu ake nufi. Kuma manhajojin nan, da zarar mutum ya tsaya ya kalli ɗaya har ƙarshe, sai su riƙa jero masa irinsa, har ya ga kamar duniya duka ta tabbatar da zancen.

Matsalolin da ruwan famfo ya fi samu kusa da gida suke. Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, bututun da ya zama wayam yana iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi ta inda ya tsage, musamman idan ya ratsa ta magudanar ruwa, don haka idan ruwa ya dawo a bar na farkon ya zube har ya washe. Tankin da aka daɗe ba a wanke ba, ko marar murfi, yana ɓata ruwan da ya iso da tsabtarsa. Tsohon gida yana iya kasancewa da bututu ko mahaɗai masu dalma, kuma dalma ba ta fita da tafasawa, sai dai a bar ruwan da ya kwana a bututu ya zube kafin a tara na sha, a kuma nemi a sauya bututun. Idan kika tari ruwa kika ga ya yi fari kamar madara, ajiye kofin ki zuba masa ido. Idan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu, ƙananan kumfar iska ce kawai. Idan kuwa launin ja ne ko ƙasa-ƙasa da ba ya gushewa, ko akwai warin masai ko na man fetur, kada a sha, ku tambayi maƙwabta ko su ma sun gani, ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar ruwa da ta lafiya.

Shawarar da zan ba ki a kan sasanta wannan saɓani ita ce ku kai ruwan biyu ɗakin gwaji, na famfo da na rijiya, kuma ki bar shi ya zaɓi wurin da ya yarda da shi, na jami'a ne ko mai zaman kansa, muddin wurin an san shi da wannan aiki. Ku karɓo kwalaben da su suka tanada, ku bi bayaninsu wajen cikawa, ku mayar a ranar cikin sanyi, kuma shi da kansa ya cika su domin kada shakka ta shiga. Ku nemi a duba ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa kuma ƙa'ida ita ce kada a same ta ko ɗaya a cikin mililita 100, a duba ragowar kulorin da dalma a na famfo, a duba fulorayid da naitiret a na rijiya. Naitiret ɗin nan saboda jaririn na ambace shi, domin yana shiga rijiya daga taki da masai, yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma shi ma tafasawa ba ta cire shi. Ki kuma je ki dubi rijiyar da idonki, ko tana da murfi, ko bakinta a ɗaure yake da siminti, ko akwai masai ko turken dabbobi kusa da ita, da kuma inda ake ajiye guga da igiya. Kafin sakamakon ya fito ku yi alkawari a kan abin da kowannenku zai yi da shi, kuma ke ma ki shirya karɓarsa idan ya nuna famfonku ne ke da matsala, domin hakan yana yiwuwa. Gwaji guda hoton rana guda ne, musamman ga rijiya wadda ruwan sama ke sauya ta, don haka ko ya fito da kyau a ci gaba da tafasa na yara.

Yadda za ki kawo masa maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Ki zaɓi lokacin da ya natsu, ba a gaban yara ko 'yan'uwa ba, kuma kada ki fara da cewa an yaudare shi, domin namijin da aka nuna wa cewa an yi wasa da hankalinsa yakan ƙara kafewa a kan ra'ayinsa. Ki ce masa ke ma tsoron ya shige ki, wanda gaskiya ne tunda kin faɗa a wasiƙarki, kuma kina son ku tabbatar da abin da yaran ke sha. Ki roƙe shi ku kalli bidiyon tare, ki riƙa tambaya a hankali, wane gari ne wannan, wace guba ce aka samu, wa ya gwada, kuma me mutumin nan yake sayarwa. Amsar da ya nemo da kansa ta fi zama a zuciyarsa fiye da wadda kika ba shi. Kada kuma ki ce masa shi ne ya sa wa yaron ciwo, domin gudawar jarirai tana da dalilai da yawa banda ruwa, kuma ba ki da tabbacin wanne ne ya kawo ta.

Wannan ya kawo mu ga ruwan da kike sauyawa a ɓoye. Na fahimci dalilinki, uwa ce ke da ta ga ɗanta yana ciwo, amma ina ba ki shawara ki daina. Matuƙar kina yi, duk ranar da yaran suka wayi gari lafiya zai ce albarkar ruwan rijiya ce, imaninsa ya ƙara ƙarfi, kuma idan suka yi ciwo babu wanda zai san wane ruwan ne sanadi. Ranar da ya gano da kansa kuwa, zai ji cewa matarsa ma tana shayar da shi abin da ya ɗauka guba a ɓoye, wanda shi ne ainihin abin da bidiyoyin suka koya masa ya ji tsoro. Gara ki faɗa masa da bakinki a daren da za ku yi maganar gwajin, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar, ki bayyana cewa tsoron halin da jaririn ke ciki ne ya sa ki.

Mai yiwuwa ne bayan duk wannan ya ce masu gwajin ma da su ake haɗa baki. Idan haka ta faru kada ki nace sai ya sha ruwan famfo, babba ne, kuma ra'ayin da aka gina cikin watanni ba ya rushewa a dare ɗaya. Ki yarda da duk ruwan da ya zaɓa bisa sharaɗin a tafasa shi, idan kuma na kwalba ya fi kwanta masa a rai kuma yana da halin saye, ku nemi wanda hukuma ta tantance. Abin da ba za ki sassauta a kansa ba shi ne shayar da jariri ɗanyen ruwan rijiya. Idan ya kafe a kan hana tafasawa, ki nemi ya raka ki asibiti likita ko ma'aikaciyar jinya ta yi masa bayani da yaron a gabansa, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Ki kuma lura da shi kansa. Idan tsoron ya fara bazuwa daga ruwa zuwa abinci da magunguna da allurar rigakafin yara, ko ya daina barci, ko ya fara zargin maƙwabta, har da ke kanki, da neman cutar da shi, to lamarin ya wuce na bidiyo, kuma yana bukatar ganin likita, ki nemi taimakon wani ɗan'uwansa na kusa wajen shawo kansa ya je.